Ranar da Ruwa Ya Yi wa Tanoma Dariya

Dalilin da ya sa ruwa yake tafasa, kuma in ya tafasa ko itacen dawa duka kuka tura masa ba zai ƙara zafi ba, labari ne na wata tsohuwa da jikarta. Ku gyara zama, yara, ku bar tsokanar juna, in gaya muku yadda aka yi.

A can zamanin da, lokacin da kowane abu yake magana in an gaishe shi yadda ya kamata, ruwa ba ya tafasa. Za a ɗora tukunya a murhu, a hura wuta, ruwa ya yi lamo a ciki, fuskarsa sumul kamar ta ruwan randa. Ba kumfa, ba tururi, ba motsi. Zafi ne kawai yake ta hawa, ba shi da inda yake tsayawa. In mace ta ɗora girki ta tsaya hira da maƙwabciya ta kan danga, kafin ta waiwayo naman ya ƙone ƙurmus a cikin ruwa, tukunyar ta yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Har dutse ana dafawa a wancan zamani, ya yi luguf. Maganar nan da kuke ji cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, su mutanen da ba karin magana suke yi ba, abin da suka gani da ido suke faɗa.

Babban haɗarin shi ne ido ba ya bambanta ruwan sanyi da wanda zai saɓule wa mutum fata. Saboda haka kowane gari akwai macen da ta san ruwa da yatsa. A ƙauyen Kwarin Ɗinya, Tanoma ce, ungozomar garin. 'Yar gajeriyar tsohuwa ce mai dogon hanci, haƙora biyu suka rage mata, bakinta kuwa ba ya rabo da barkwanci. In ta ɗora ruwan wankan mai jego, sai ta fara jefa tsinke. In bai ƙone ba, ta ɗan taɓa ruwan da kan yatsa, caf, ta janye, ta ce a ƙara itace ko a rage, ko a sirka da ƙwarya kaza. Shekara arba'in tana wannan aiki, ba ta taɓa ƙona 'yar kowa ba, ba ta kuma taɓa barin wata ta yi ɗanyen jego ba.

Amma yatsa ba ƙarfe ba ne. Na farko ya daina jin zafi, ta koma na biyu. Na biyu ya mutu, ta koma na uku. A haka a haka har goman suka ƙare, ta koma gwiwar hannu, ba ta gaya wa kowa ba.

Wata rana da hantsi aka yanka mata kaza, ta ɗora ruwan fiɗa. Aminiyarta Dela mai ƙosai tana zaune a kan turmi tana tsince wake. Tun suna 'yan mata suke tare, tare suka yi talla, tare suka tsufa. Tanoma ta taɓa ruwan da gwiwar hannu, ta ji ɗumi-ɗumi, ta kama kazar ta ƙafafu ta tsoma. Da ta ɗago, ƙafafun kaɗai ne a hannunta.

Dela ta leƙa tukunya, ta dubi ƙafafun, ta ce, "Tanoma, fiɗa kika ce za ki yi ko farfesu?"

Tanoma ba ta yi dariya ba. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Dela, gwiwar ma ta tafi."

"Tun yaushe?"

"Yatsun sun fi shekara uku. Ita wannan yau na sani."

Dela ta ajiye faifan wake. Ta san abin da ke damun aminiyarta, domin saura kwana biyu a kawo Kumatu. Kumatu jikar Tanoma ce, ita ta raine ta tun daga yaye, ta aurar da ita can kan Dutsen Shamuwa, tafiyar yini guda. Ga shi tana da cikin fari, za a kawo ta gida ta haihu, ta yi wankan kwana arba'in, safe da yamma. Wanka tamanin ke nan, kuma kuskure ɗaya ya isa.

Dela ta miƙa nata hannuwan ta ce, "Da nawa suna da rai da na ba ki aro. Suyar ƙosai ta riga ta cinye su tun kafin naki."

Aka kawo Kumatu a kan jaki, ta sauko da ƙyar tana dariya, ta rungume kakarta. Da suka shiga ɗaki ta ce, "Iya, matan kan dutse sun so in zauna can su yi mini wanka. Na ce musu ni ba mai taɓa ruwan wankana sai Iyata, wadda yatsanta ya fi idon wasu gani."

Tanoma ta ce, "Ke dai kwaɗayin kunun kanwata ya kawo ki, kada ki yi mini daɗin baki." Ta fita tsakar gida kamar za ta duba awaki, ta tsaya bayan rumbu ta share ido da gefen zani.

Washegari da safe ta wanke babbar tukunya, ta cika ta, ta ɗora a murhu, ta hura wuta. Sannan ta durƙusa ta yi gaisuwa irin wadda ake yi wa manya.

"Ranka ya daɗe, Baba Ruwa, ina kwana? Ina gajiyar tafiya daga rijiya?"

Sai da ta gaishe shi sau uku kafin ya amsa, da murya can ƙasa. "Lafiya lau, yarinya." Shekararta saba'in, amma a wurin Ruwa kowa yaro ne, domin ya girmi kowa.

Ta kwashe damuwarta duka ta gaya masa, ba ta ɓoye komai ba, har zancen kaza. Ta ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo. In ka yi zafi, ka ɗan nuna alama. Ko motsi, ko tari, ko gyaran murya."

Ruwa ya ce, "Babba ba ya nuna abin da ke cikinsa. Tun da aka halicce ni ba a taɓa ganin fuskata ta canza a cikin tukunya ba. Ba zan fara a kanki ba." 

Sai ta ji ana ƙyaƙyata daga ƙarƙashin tukunya. Wuta ce. Ita kam ba a roƙonta magana, sai dai a roƙe ta ta yi shiru.

"Rabu da shi, Tanoma, miskilanci ne kawai," in ji Wuta. "Taubashina ne, na san shi ciki da bai. Kin san abin da nake yi masa a ƙarƙashin tukunyar nan? Cakulkuli. Tun farkon duniya nake yi masa cakulkuli a tafin ƙafa, shi kuma yana gimtse dariya don kada girma ya faɗi. Dariyar da yake haɗiyewa ita ce zafin nan da kike ji. In na ƙara, ya ƙara haɗiyewa, zafin ya ƙaru. Ranar da ya sake ta, abin da na ba shi duka zai fita."

Tanoma ta ce, "To ke me ya hana ki sa shi dariyar?"

"Ni daga ƙasa nake, ba ya ganina. Ku da kuke sama, inda idonsa yake, ku ya kamata ku gwada."

Tanoma ta miƙe da ƙarfinta. In dai dariya ce, ai an zo gidanta. Ta zauna bakin tukunya ta yi masa labarin ban dariya duk wanda ta sani, har wanda ya taɓa sa liman ya kasa ƙarasa addu'ar suna. Ruwa ko gezau. Ta kira Dela, wadda ta iya kwaikwayon tafiyar mai gari da yadda yake atishawa. Matan gida suka yi ta faɗuwa, Ruwa yana nan sumul. Ta aika aka zo da Cindo ɗan kama, da takobinsa na muciya da rawaninsa na tsumma. Ya yi rawa, ya yi waƙar tuwo da miyar kuka, ya yi kukan jaki. Jama'ar gari suka cika gidan suna riƙe ciki, Kumatu ta yi dariya har sai da aka kama ta aka mai da ta ɗaki. Da aka leƙa tukunya, Ruwa bai ko motsa ba, sai gindin tukunyar da ya tsage don zafi.

Cindo ya naɗe rawaninsa ya ce, "Iya, na sa mai takaba dariya, na sa mai ciwon haƙori dariya. Wannan kam ya fi ƙarfina."

Ana nan ana nan, ranar wata Laraba da hantsi Kumatu ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace, jajir da ita, mai gashi. Gida ya kaure da guɗa. Tanoma ta yanke cibi, ta gyara jaririya, ta naɗe ta, ta miƙa wa uwar. Sannan ta fito ta ga sabuwar tukunya a kan murhu, da damin ganyen runhu a gefe, ruwan wankan farko yana jira.

Ta jefa tsinke, bai ƙone ba. Amma tsakanin abin da ke ƙona tsinke da abin da ke ƙona mutum akwai tafiya mai nisa. Ta dubi yatsunta, ta dubi gwiwar hannunta. Ta shafa jikinta tana neman inda ya rage mai ji, har hannunta ya kai kan hancinta. Ta ɗan tsunkule shi, ta ji zafi.

"Dela," ta ce, "zo ki riƙe mini ɗamara ta baya."

"Me za ki yi?"

"Da hanci zan gwada."

"Kin haukace ne?"

"'Yar mutane tana ɗaki tana jira. Riƙe ni kawai."

Ba wasa a ranta ko kaɗan. Ta hau kan wani ɗan dutse don tukunyar ta fi ta tsawo, ta kai hannuwanta baya, ta miƙa wuya kamar zalɓe. Dela ta kama ɗamara ta turje ƙafa tana salati. Tanoma ta sunkuya a hankali, ta tsuke baki har haƙoran nan biyu suka leƙo, ta tattara idanunta duka biyu a kan tsinin hancinta don ta ga lokacin da zai taɓa. Ruwa yana kwance yana kallon fuskar nan tana saukowa kansa, hanci a gaba, idanu a harɗe.

Saura kamar faɗin yatsa biyu, ta tsaya ta ce, da murya mai rauni, "Ki riƙe da kyau fa, Dela. Yatsu goma ne, amma shi wannan ɗaya gare ni."

Sai wani ɗan kumfa ya taso daga gindin tukunya, ya fashe. Wani ya biyo shi. Tukunya ta fara wani irin guna-guni, siririn sauti kamar na mutumin da ya toshe baki da hannu biyu. Wuta ta ji abin da ake ciki, ta ƙara cakulkuli da dukkan yatsunta. Ruwa ya yi ƙoƙari, ya yi ƙoƙari, sannan ya tuntsire.

Dariyar da aka tara tun farkon duniya ce ta ɓalle. Ya zaɓalɓala, ya yi tsalle, ya buga gefen tukunya, farin tururi ya turnuƙe sama, tururi na farko da aka taɓa gani. Ya bugi Tanoma a fuska ta yi baya, ta faɗa kan Dela, su biyu suka mirgina cikin ganyen runhu. Ruwa ya hango ƙafafu huɗu a sama, ya sake sheƙewa.

Da Tanoma ta tashi, abin da ta fara yi shi ne tura itace, don ita ungozoma ce kafin komai, tana son ta ga ko zafin zai ci gaba da hawa. Ta tura, ta ƙara turawa, wuta ta yi harshe har ta lashi wuyan tukunya. Ta jefa tsinke, bai ƙone ba. Ta jefa ɗan guntun ƙwarya, ya yi ta yawo lafiya lau. Dariyar ce take ƙaruwa, tururi yana ƙaruwa, amma zafi ya tsaya cak inda yake.

Da aka janye itace Ruwa ya lafa, yana sauke numfashi, ya ce, "Ashe haka ake jin sakayau." Can kuma ya tuna da girma, ya gyara fuska. "Yarinya, abin da ya faru ya tsaya tsakaninmu. Ba za a sake ba."

Tanoma ta ce, "Ranka ya daɗe, har bakin kasuwa an ji ka. Amma in ka ce ba za a sake ba, shi ke nan. Gobe da safe zan dawo da hancina, da yamma ma haka, har kwana arba'in."

Kumfa biyu suka taso. Ruwa ya ce, "Ki rufa mini asiri, cikina ya yi ciwo. Faɗi abin da kike so."

"Duk lokacin da aka ɗora ka, ka yi dariyar nan. Kuma kullum a kan zafi ɗaya, kada yau nan gobe can."

Ruwa ya ce, "Na yarda. Amma ba zan zama sakarai ba, wanda da an taɓa shi sai dariya. A samo mai rufe mini baki, in yi ta daurewa har sai abin ya fi ƙarfinmu mu biyu."

Iska tana wurin, ita ce ma take ta kwasar tururi tana kai wa sama. Ta ce ita za ta yi, ai dama kullum a kan fuskarsa take zaune. Za ta danna tafin hannunta a bakinsa, ta riƙe iya ƙarfinta, ƙarfinta kuwa na jiya shi ne na yau. Wuta ta zama shaida, aka ƙulla magana.

Tanoma ta ɗebi tafasasshen ruwa ƙwarya uku ta zuba a kwatarniya, ta riƙa sirkawa da na randa kaɗan-kaɗan tana gwadawa da hanci, har ya yi daidai a kan ƙwarya biyu. Ta yi wa Kumatu wanka da ganyen runhu, Kumatu ta fito tana sheƙi tana cewa ba ta taɓa jin daɗin ruwa haka ba. Da yamma aka sake, uku da biyu, ya yi daidai. Washegari ma haka. A rana ta uku hanci ya huta, ƙirga ƙwarya kawai ake yi. Tanoma ta tara matan gari ta koya musu, har wadda ba ta taɓa kusantar ruwan jego ba ta iya.

Kowa ya yi murna, sai mutum ɗaya. Ranar suna da sassafe aka jiyo Dela tana faɗa a bakin murhu. Ku sani, a wancan zamani a cikin ruwa ake suyar ƙosai, tun da zafinsa ba shi da iyaka. Dela ta kwana biyu tana surfen wake da niƙa don ta ciyar da 'yan suna. Ta ɗora kasko, ruwa ya tafasa, ta jefa ƙullu. Maimakon ya yi ja ya taso yana ƙamshi, sai ya nutse, ya ɗago fari fat, sulɓi-sulɓi. Ta watsa gishiri ko zai gyaru. Ruwa ya ɗan tsagaita don kunyar baƙo, ya ƙara zafi ɗan kaɗan, ya ci gaba da dariyarsa.

Dela ta zo da matsami a hannu ta tsaya a kan aminiyarta. "Kin gyara sana'arki kin kashe tawa. Kuma da hannuna na riƙe miki ɗamara. Ga baƙi sun fara sauka daga kan dutse, me zan ba su?"

Tanoma ta ji ba daɗi, domin gaskiya Dela ta faɗa. Ta ce, "Ki ba ni zuwa hantsi." Ta shiga ɗaki tana dube-dube, idonta ya faɗa kan kwalbar duma ta man gyaɗa, wanda a lokacin ba a yin komai da shi sai shafawa da zuba wa fitila. Ta gaishe shi, ta tambaye shi ko shi ma yana jin cakulkuli.

Mai ya daɗe kafin ya amsa, don shi komai nasa a hankali yake yi, ko zuba shi aka zo yi sai ya yi nauyin jiki. Ya ce, "Ina ji. Amma ni abin dariya in an faɗa yau, sai jibi nake gane shi."

"Kai nake nema," in ji Tanoma.

Aka zubar da ruwan kasko, aka zuba Mai. Wuta ta yi cakulkuli har ta gaji, Mai yana nan shiru yana ɗaukar zafi, ya wuce inda Ruwa yake tsayawa nesa ba kusa ba. Dela ta jefa ƙullu tana harare-harare. Nan take kasko ya ɗauki ƙara, kumfa ya kewaye ƙullun. Ba Mai ne yake dariya ba, ɗan ruwan da ke cikin ƙullun ne ya ji zafin da ya fi ƙarfinsa ya fashe da dariya yana gudu. Ƙosai ya taso jawur, bayansa rumus, cikinsa laushi, irin wanda Dela ba ta taɓa soyawa ba a rayuwarta. Ta ɓare ɗaya ta ci, ta ci na biyu, ta miƙa wa Tanoma na uku ba tare da ta dube ta ba.

"Da ɗan dama," ta ce.

Wancan farin da ya lalace a ruwa kuwa, Cindo ɗan kama ya tarar da shi a akushi, ya zuba masa mai da yaji ya cinye rabi, ya fita yana shelar cewa Dela ta ƙirƙiro sabon abinci. Ɗan wake ke nan da kuke rububi a kai. Aka raɗa wa jaririya suna, aka ci aka sha, aka yi kiɗan ƙwarya har la'asar.

Da aka yi arba'in, Tanoma ta raka Kumatu ɗakinta a kan Dutsen Shamuwa. Suka yi ta hawa, jaki yana nishi, tsohuwa tana nishi. Da suka huta, ta ce ita za ta dafa wa surukai wake da hannunta, su ga yadda ake girki a kwari. Ta ɗora tukunya. Kafin ta gama gyara zama ruwa ya fara dariya. Ta ce a ranta, lallai ruwan kan dutse akwai fara'a. Ta jira daidai yadda take jira a gida, ta sauke, ta zuba wa surukai. Uban mijin Kumatu ya kai loma, aka ji ƙaras. Ya tauna a hankali don kara, ya ce, "Madalla, Iya. Waken kwari akwai ƙarfi."

Tanoma ta koma bakin murhu ranta a ɓace. "Baba Ruwa, haka muka yi da kai? Ka kunyata ni gaban surukai."

Ruwa ya ce, "Ni ban saɓa ba. Tambayi mai rufe mini baki."

Iska ta amsa da wata siririyar murya, tana haki. "Ki yi haƙuri, Tanoma. A kwari ni duka ina wurin, da nauyina. Nan sama kuwa kaɗan daga cikina ke iya hawowa. Hannuna ba ƙarfi, da ya ɗan motsa sai ya ƙwace, tun zafin bai kai ba."

Tanoma ta tuna yadda ita ma ta yi haki a hanya, ta ga ba laifin kowa. Ta mai da waken tukunya, ta ɗauko murfi ta rufe ruf, ta liƙe gefen da tsumma, ta ɗora dutsen niƙa a kai, ta ce, "Ga taimako." Tururi ya rasa hanyar fita, ya taru ya taya Iska danne bakin Ruwa. Ruwa ya daure ya ƙara zafi, wake ya nuna luguf. Uban miji ya ci akushi guda ya nemi ƙari, wannan karon ba don kara ba.

Shi ya sa har yanzu, yara, in kun ɗora ruwa za ku ga ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindi, ku ji tukunya tana guna-guni, sannan ya ɓalle, kuma daga nan ƙarin itace ɓarna ce kawai. Mai yana nan da nauyin fahimtarsa, shi ya sa ake suya da shi, kuma in ɗigon ruwa ya faɗa masa yana kan wuta sai ya fashe ya fantsamo muku, don haka ku riƙa tsayawa nesa da kasko. Mutanen kan tsauni har gobe ruwansu yana saurin tafasa, wakensu yana jinkirin nuna, sai sun danne murfi. Ita Tanoma ta ga 'ya'yan jaririyar nan kafin ta bar duniya, kuma ta daɗe ƙwarai da tafiya. Amma ku je kowane gida da safe ku saurari murhu. Har yau Ruwa bai gama yi mata dariya ba.